Ranar da aka wanke ni saboda ɓeraye

Shekarun baya, lokacin da ɗiyata ke zurfafa karatun likitanci a jami'a, wata mas'ala ta taso a gidanmu na Ƙofar Atiku. An ba ta aikin bincike a kan gazawar zuciya, wato ciwon da zuciya ke yin rauni har ta kasa tura jini yadda ya kamata. Binciken kuwa da ɓeraye ake yin sa.

Da labari ya kai kunnen yayana, wanda shi ne babban gidanmu, sai ya kira ni zaure.

"Malam, mi nika ji haka? Ɗiyar da ta sauke Alƙur'ani a hannunka, ita ce ka yini tana shafar ɓera? Ko ta bari, ko ta dawo gida."

Na ce masa a mazhabarmu duk mai rai tsarkakakke ne, ko da ɓera ne. Ya ce, "Fitsarinsa fa? Azabar da suka yi ma halittar Allah fa?" Ni kuwa ban san abin da ake yi wa dabbobin ba. Al'adar gidanmu kuwa, tun daga kakanni, malami ba ya yanke hukunci a kan abin da bai gani ba, matuƙar ganin zai yiwu. Yayana ya ce, "To tahi ka gano. Abin da duk ka yanke, shi za a bi."

Ni da ɓera akwai tsohuwar gaba. Ya cinye mini gefen littattafan da na gada, waɗanda aka rubuta da hannu. Saboda haka na shirya kamar mai zuwa zaman shari'a: babbar riga, rawani, ga turare na shafa har ya kama jiki.

Ɗiyata ta tarye ni a ƙofar ɗakin binciken. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta tsaya tana murza yatsu.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba a shiga da turare. Ƙamshi yana tayar masu da hankali, bugun zuciyarsu ya canja."

"Su wa?"

"Ɓerayen, Baba."

"Ikon Allah. Sai mi kuma?"

"Sai babbar rigar da rawanin. Kada ka kai masu cuta daga waje."

Na zo in duba ko ɓera yana ɓata ɗiyata, sai ga shi ni ake tsoron in ɓata ɓera. Na cire takalmi bisa sabo, ta ce a'a, in mayar, a sanya masu leda. Aka sa na wanke hannu da wuya da sabulu marar ƙamshi, wankin da ya fi na alwala tsawo. Aka ba ni farar riga wadda ba ta kai gwiwa ba, da safar hannu, da takunkumi. Da ɗalibaina sun gan ni a ranar, da sun wuce ba su gaishe ni ba.

Na tarar da fararen ɓeraye a cikin keji-keji masu tsafta, ga ruwa ga abinci. Na fara tambaya kamar yadda nake yi wa mai neman fatawa. Suna jin zafi? Ta ce ba a taɓa ko ɗaya sai an sa shi barci, kuma ana ba shi maganin zafi bayan ya farka. Ana raunana zuciyarsu da gangan? Ba ta ɓoye ba, ta ce e, ana yi, kuma a ƙarshe ana kashe su cikin barci domin a duba zuciyar. Ta ce ba a ɗaukar fiye da abin da binciken ke buƙata. Na ji nauyin maganar, amma na ji daɗin gaskiyarta.

Sai ta kwantar da wani da ke barci, ta ɗora masa kan na'urar ɗaukar hoton ciki. Zuciyarsa ta bayyana a allo, tana bugawa da sauri kamar fiffiken tsuntsu. Ta kawo na biyu, wanda aka raunana wa zuciya. Tasa ta buɗe kamar tsohuwar salka, tana matsawa da ƙyar.

"Baba," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "haka ta Inna ta koma."

Mahaifiyarta ta rasu da wannan ciwon bayan haihuwar autanmu. Na tuna ƙafafunta da suka kumbura, da yadda take barci a zaune domin numfashi ba ya barin ta kwanta. Na yi mata addu'a, na yi mata rubutu, amma ban taɓa ganin abin da ke cin ta ba sai ranar, a ƙirjin ɓera. Takunkumin ya yi mini rana, domin ya ɓoye hawayen da suka zubo mini.

Da na koma zaure, na ce wa yayana aikin ya halatta, da sharaɗi: kada a azabtar da dabba, kada a kashe ta a banza, kuma ta sauya tufa kafin salla. Na ba shi labarin wankin da na sha. Ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"An aike ka ganin ƙazantar ɓera, ka dawo kai anka wanke! To, ta ci gaba. Amma kada ta kawo min ko guda gida."

Ta ci gaba, ta kammala. Yau mata masu jego da ƙafafunsu suka kumbura suna zuwa asibiti su nemi layinta. Yayana da kansa yake nuna masu hanya, yana cewa, "Ku tahi wurin ɗiyarmu."

Na ba da fatawowi da yawa a rayuwata, rawani a kaina. Wadda na fi alfahari da ita ita ce wadda na cire rawani kafin in fahimce ta.

Ɓeran ɗakin littattafaina kam, har yau ba mu shirya ba, ina ɗana masa tarko. Sai dai duk wanda na kama, nakan ɗan tsaya kafin in ɗauke shi, in tuna cewa a cikin ƙirjin nan akwai irin abin da na gani a allo.