Abarci Ya Yi Lodin Kaji

Shekara da shekaru Abarci yana lodin motoci a tashar Dakoro. Motar mutum goma sha takwas, shi sai ya cusa talatin, har da akuya a cinyar wani. Maganarsa ɗaya ce: "Ku matsa, akwai wuri."

Da ƙarfi ya ƙare, ya koma gida kiwon kaji. Ya gina akurki kamar tanderun burodi, ya cika shi maƙil da kaji, ya toshe ƙofa. Aka ce ya bar musu filin tono da birgima, ya ce kaza ba ta da kaya, me za ta yi da fili?

Ba a jima ba suka fara figar juna, ƙwai ya ɗauke. Kullum da safe sai an fitar da mushe, Abarci ya leƙa ya ce, "To, ga wuri ya samu."

Ran nan matarsa Suwaiba ta ce, "Malam, mutanen da ka riƙa matsewa sun yi haƙuri ne don sun san za su sauka a Maradi. Waɗannan fa, a ina za su sauka?"