Baba Tsada Ba Ya Ciwon Haƙori

A bakin layi akwai wani tsoho mai gyaran takalmi da ake ce wa Baba Tsada, don a wajensa babu cutar da ta gagari tsada, wannan 'yar itaciya mai ƙaya. In ka kai masa takalmi, da magani za ka dawo, takalmin kuwa sai wani satin. Mai zazzaɓi ya dafa ganyenta, mai gyambo ya barbaɗa garin sassaƙenta, mai kaushi ya shafa man ƙwallonta. Amma inda ya fi baki shi ne kan haƙori.

Rannan wani direba ya zo da kumburarren kunci. Baba ya ajiye basilla, ya gyara zama.

"Ɗana, tafasa saiwar tsada ka riƙa kurkure baki. Ni da kake gani, rabona da ciwon haƙori tun kafin a haife ka."

Matarsa, da ta kawo masa abinci, ta dire kwano ta buɗe. Kamar kullum, an dama shi ruwa-ruwa.

"Gaskiya ya faɗa maka, ɗan nan," in ji ta. "Haƙorinsa na ƙarshe ma ni na share shi da tsintsiya."