Kaskon Turare da Kwanon Fetur

Jama'a, yau saura ƙiris gidanmu na unguwar Bulabulin ya kama da wuta!

Babur mai ƙafa huɗu da na saya gwanjo wurin Turawan haƙa rijiya, a ɗaki na kwance injinsa saboda yashi. Ina wanke fistan, wani ƙarfen cikin injin, a kwanon fetur, sai ga matata Yagana da kaskon turaren wuta, garwashi jajur!

Ta ce, "Malam, warin nan ya ishe ni."

Na ce, "Tsaya nan! Kar ki ƙara taku!"

Ta firgita, garwashi ɗaya ya faɗo yana gangarowa wajen kwanon. Na danne shi da tafin hannuna na dama!

Da hagu nake wannan rubutu. Injin kuwa Yagana ta kore shi waje, har da mai shi.