Taki Goma Kafin Mararraba

Wada mai gyartai bai gaji komai wurin ubansa ba sai mugun suna. Uban nan, Dodo, ɓarawo ne na ƙin ƙarawa. Daga Kona har Hawandawaki babu garken da bai san sawunsa ba, har ranar da aka sare masa hannun dama a bakin kasuwa. A gaban idon Wada aka yi. Tun daga ranar yake riƙe da nasa hannun kamar na aro. Ya zauna gindin gawo yana ɗinke fasassun ƙorai, mata na ba shi hatsi, yana godiya.

To amma akwai Namadi, dogarin mai garinsu, wanda ya rantse sata a jini take. In ya wuce gindin gawon sai ya ce, "Sannu da aiki, ɗan Dodo. Ina nan ina jiran ka." Da jiran ya ishe shi, sai ya ga gara ya taimaka wa jinin. Ya saki rago a hanyar da Wada ke bi, ya laɓe bayan sabara. Wada ya ja ragon har ƙofar mai gari don a yi cigiya. Namadi ya yar da bargo, Wada ya kai. Ya yar da hauya sabuwa fil, Wada ya kai. Haba, mutum ba ya gajiya?

Shekara ashirin ana wannan wasa. Ɓarayin gaske suka samu sarari, suna kwashe awakin mutane da rana tsaka, dogari na tsugune a daji cinnaka na cizon sa. Shi ko Wada sunansa ya tashi. Buzaye in za su yi arewa da dabbobi, a ɗakinsa suke barin kayansu, ba su ko ɗaure bakin buhu.

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta ƙarasa abin da ya rage. Rumbuna suka bushe, mutane suka koma cin anza, a jiƙa a zubar, a sake jiƙawa, ɗacin na nan. Wa ke gyaran ƙwarya babu abin zubawa ciki? Zara'u matar Wada ta kwanta, ko tashi zaune ba ta iyawa. Tsoro ya kama Wada sosai.

Ran nan da hantsi yana dawowa daga tsinkar anza, sai ga damin hatsi a tsakiyar hanya. Wada ya tsaya ya daɗe yana kallon sa. Ya ɗauka ya aza a ka, ya kama tafiya. Can gaba, gindin kuka, hanyar ta rabu biyu: dama ta nufi ƙofar mai gari, hagu ta nufi gidan Wada. Saura taki goma ya isa, Namadi ya kasa daurewa. Ya faɗo daga cikin sabara yana ihu, "Na kama ka! Yau hannun nan ya bi na ubanka!"

Aka kai su gaban alƙali, wani tsohon malami da ba ya son hayaniya. Ya dubi dogarin ya ce, "Wa ya aje damin a hanya?"

"Ni ne, Allah gafarta malam."

"Daga ina ka ɗauko?"

Namadi ya yi tari. "Daga rumbun mai gari."

"Da saninsa?"

Mai gari da ke zaune gefe ya gyara zama.

"To, a ina ka kama shi?"

"Dab da mararraba."

"Dama ya bi ko hagu?"

"Bai kai ba, malam. Amma niyyarsa na gani ƙarara a fuskarsa!"

Alƙali ya ce, "Ni ba a naɗa ni in yi wa fuska shari'a ba. Abin da ke cikin zuciya, Mai ita ke hukunta shi. Na ga mutum ya tsinci kaya ya ɗauka, yadda ya saba shekara ashirin. Wanda ya zura hannu rumbun da ba nasa ba, ga shi nan tsaye da jar riga."

Aka tuɓe wa Namadi rigar dogarai nan take. Jama'a suka raka Wada gida suna sa masa albarka. Mai gari, don kunya, ya aika masa da rabin damin, da shi Zara'u ta tashi.

Namadi ya tsufa a wulaƙance, ba mai gaishe shi. Wada kaɗai ke aika masa da tuwo kullum, ya kuma ɗinke masa ƙwarya kyauta. Mutane suka ce wannan ai waliyyi ne. Zara'u kuwa abin na ƙona mata rai. Wata rana ta dire akushin ta ce, "Maigida, mutumin da ya nemi hannunka kake ciyarwa? Wallahi na gaji!"

Wada ya ajiye ƙwaryar da yake ɗinki, ya juya hannunsa na dama yana dubawa.

Ya ce, "Kai masa, Zara'u. Da ya ƙara haƙurin taki goma, da ba ni da wannan. Hagu zan bi."