Addu'a da Ido a Buɗe

Ranar Litinin ta farko a watan Agusta, shekarar da na gama aji biyar na firamare, aka buɗe makarantar hutu a majami'armu da ke Tudun Wada. An kwana ana ruwa, kwatar layinmu ta cika ta tumbatsa, sai da muka cire silifa muka riƙe a hannu kafin mu tsallaka. Muka cika bencunan gaba, ƙafafu duk taɓo, wasu na ɓare dafaffiyar gyaɗa a ɓoye suna tura ɓawon ƙarƙashin benci. Malam Ishaya, malaminmu na makarantar Lahadi, wanda kullum yake tuƙo keke daga Hanwa, ya shigo da ƙafar wandonsa ɗaya a cuse cikin safa, ya ɗauki alli ya rubuta kalma guda a allo: 'yanci. Ya ce abin da za mu koya ke nan har mako huɗu, wato yadda Yesu Almasihu ya kwance mu daga ɗaurin tsoro. Sannan ya juyo yana bin fuskokinmu da ido, yana neman wanda zai buɗe da addu'a. Na sunkuyar da kai har haɓata ta taɓa ƙirji, amma bai hana komai ba. "Rahila, yi mana addu'a," in ji shi.

Na miƙe, kowa ya rufe ido. Na ce "Ya Ubanmu," sai sauran kalmomin suka ɓace mini. Na sake cewa "Ya Ubanmu," na tsaya ina jin ɗigar ruwa daga indararo a waje, da dariyar da wani ke ƙoƙarin dannewa. Daga ƙarshe Malam ya karɓa ya ƙarasa mini. A hanyar gida ƙawata Briskila, wadda bakinta ba ya hutawa ko a barci, ta bi ni tana tsalle a kan duwatsun kwata tana cewa, "Ya Ubanmu! Ya Ubanmu! To sai me? Kin ƙwanƙwasa ƙofa kin manto saƙon a gida?"

A majami'armu ba a karanto addu'a daga littafi. Duk wanda aka kira sunansa, yaro ko babba, tashi yake ya yi magana da Allah da abin da ya zo bakinsa. Mamata in ta fara sai ka ce da maƙwabciya take hira ta kan katanga, tana kawo wa Allah labarin tsadar gawayi da ciwon bayan Baba. Ni kuwa ba haka aka yi ni ba. A gidan hayar da muke, inda ɗakuna ke jere kowanne da murhunsa a ƙofa, an fi sanina da zama a bayan randa da littafi. Hajiyar da ke ɗakin ƙarshe ma "Malama" take kirana, in ta aike ni sayen magi sai ta ce in maimaita saƙon don ta tabbata ina da murya. Amma in rubutu ne, ba a kama ni. Nakan ja layi da rula a gefen kowane shafi, in kuma na ɓata harafi ɗaya, sai na yage takardar na sake.

Da yammacin ranar, ina tsinke ganyen rama a tire, wani tunani ya faɗo mini: ai in ana addu'a kowa rufe ido yake yi. Na ciro takarda daga tsakiyar littafin lissafina, na zauna na tsara addu'a. Na tsinto manyan kalmomi daga bakin dattawan majami'a, irin su maɗaukaki da alherinka marar iyaka, na jera su, na gyara, na sake kwafa har sau uku. Na ninke ta na sa a cikin littafin waƙa. Bayan kwana biyu Malam ya sake kirana, ina jin don ya ba ni damar wanke kaina ne. Na jira har kawuna suka sunkuya, na buɗe littafin a hankali a kan tafin hannuna, na karanto ta tiryan-tiryan. Da aka ce amin, Malam Ishaya ya daɗe yana kallona. Briskila kuwa baki ta saki.

Daga nan kira ya yawaita, ni ma takardu suka yawaita. Na yi ta buɗewa da ta rufewa, ta abinci, ta marasa lafiya, har da ta godiya domin ruwan sama, kowacce da alamarta a kusurwa don kada in ciro wata a madadin wata. Labari ya kai kunnen matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'armu. Wata rana ina ɗiban ruwa a rijiyar majami'a na ji ɗaya daga cikinsu tana ce wa Mama, "'Yarki fa Ruhu ne ke sa mata magana a baki." Mama ta yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba. Gugan ya kusa kuɓuce mini.

Damina ce mai daɗi, kowa ya shaida. In mun tashi daga darasi sai mu shiga gonar masarar da ke bayan majami'a mu yi cirar ciyawa, layi-layi, ana rera waƙoƙin da muka koya, a gasa mana masara a kan garwashi in mun gama. 'Yan mata su share gindin darbejiya su zauna carafke, maza su yi langa har wani ya faɗa taɓo a yi ta shewa. Ni dai ban samu zama ba. In ina carafke duwatsun zubewa suke, domin hankalina na kan littafin waƙar da na ajiye a gefe, kada wani ya ɗauka. In na kwanta sai in tashi in laluba ko takardun na nan. Masara ma ta daina yi mini daɗi. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin addu'ar kansa. Nakan ɗaga ido tsakanin layi da layi in ga fuskokin yara duk a rufe, har da masu ƙiriniya, kowa ya tafi wani wuri ya bar ni ni kaɗai a tsaye da takarda. Kalmar nan ta 'yanci tana allo ba a goge ta ba. Na kwafe ta a littafina da kyakkyawan rubutu, na ja mata layi biyu, ban kuma san ɗanɗanonta ba.

A mako na uku matan zumunta suka gayyace mu taronsu na Laraba. Suka zo da ankonsu, da tulun kiɗa da caki, aka yi waƙa har bencuna na motsi, sannan aka ce Rahila ta rufe da addu'a. Na kai tsakiyar takarda ke nan na ɗaga kai, sai idona ya faɗa cikin ido. Kaka Talatu ce, tsohuwar da ke zama a bencin gaba kusa da taga, wadda kunnenta ya yi nauyi tun kafin a haife ni. Idonta tar a kaina, daga bakina zuwa littafin, daga littafin zuwa bakina. Ban san yadda na ƙarasa ba. A ranar kuma, kafin mu watse, Malam Ishaya ya sanar cewa ranar Lahadin rufe makarantar hutu, ni zan yi addu'a a gaban dukan jama'a.

Kwana uku ina zagaye layin gidan Kaka Talatu, ina bi ta bayan masu injin niƙa, ko da yake hanyar ta fi nisa da taɓo. Ranar Asabar Mama ta ɗora mini kwanon kwaɗon rama ta ce in kai mata. Na same ta a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye kwanon zan gudu, ta kama bakin zanena.

"Zauna, 'yar boko. Ina takardar?" Da ƙarfi take magana, irin na wanda ba ya jin muryar kansa, har kajin tsakar gidan suka watse.

Na ce, "Kaka, don Allah ki yi a hankali."

"Ɗago fuskarki in ga bakin. Ni kunnena ya riga ni tafiya. In ana addu'a baki nake kallo, in ya rufu in ce amin. Na ga bakuna iri-iri a majami'ar nan, masu rawa, masu kuka, masu gyangyaɗi. Naki ne kaɗai ke bin layi."

Hawaye suka zubo mini. Na ce, "Za ki faɗa wa Malam?"

"Malam? Au, shi kike yi wa addu'ar?" Ta yi dariya har da tari, ta tura mini gyaɗa a gaba. "Rubutu ba zunubi ba ne, jikata. Da na iya da na rubuta. Amma in yunwa ta kama ki, wasiƙa kike rubuta wa uwarki, ko kuwa cewa kike Mama, yunwa?"

Na tashi na yi mata sallama. Na koma gida na zauna bayan randa, kuma, kunya ta sa ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, na rubuta addu'ar da ta fi duk na baya tsawo da kyau. Shafi biyu cur.

Lahadin rufewa ta zo da hadari tun safe. Majami'a ta cika, iyaye da baƙi har daga Kwangila, yara mun yi jere a gaba da kayan Kirsimetin bara. An ɗauke wuta, don haka babu lasifika. Aka yi haddar ayoyi, aka yi waƙa, sannan Fasto ya kira sunana. Na hau gaban bagade, kawuna suka sunkuya, na buɗe littafin waƙa. Ban gama layin farko ba ruwa ya kece. Rufin majami'armu kwano ne tsurarsa, babu silin, in ruwan Agusta ya sauka a kansa sai ka ce ana juye tsakuwa daga tifa. Na ɗaga murya, ban ji ko kaina ba. Na dubi jama'a, duk ido a rufe, ba wanda ko kalma ɗaya ke isa kunnensa. Manyan kalmomin da na kwana biyu ina gogewa suna fita suna narkewa a banza. Sai na ga ashe mai ji ɗaya ne ya rage a ɗakin, wato wanda ake yi wa addu'ar, shi kuwa ya riga ya san da takardar tun ranar da na ciro ta daga littafin lissafi. A bencin gaba, kusa da taga, Kaka Talatu na kallon bakina.

Na rufe littafin. Na rufe idona, karo na farko cikin mako huɗu. Duhun ya ba ni tsoro, sannan ya daina. Na ce, "Ya Ubanmu, ni ce Rahila. Tsoro nake ji. Na gaji." Na faɗa masa batun takardun, da murmushin Mama da ba na so ya gushe, da dariyar Briskila. Na roƙa wa Baba sauƙin baya, na gode masa don masara. Maganar ba ta da kai ba ta da gindi, ina yi ina tsayawa ina jan majina, amma wani abu da ya ɗaure mini ƙirji tun farkon hutun ya yi ta warwarewa. Da maganar ta ƙare na ce amin, na buɗe ido. Ba wanda ya motsa. Dukan majami'a, har Fasto, suna sunkuye suna jiran ƙarshen addu'ar da ba su san ta ƙare ba. Sai Kaka Talatu ta buɗe muryar nan tata da ke watsa kaji, ta ce, "Amin!" Ta keta ƙarar kwanon, jama'a duka suka amsa.

A waje, muna fakewa a baranda, wata mata ta dafa kaina ta ce ba ta taɓa jin addu'a mai ƙarfi irin wannan ba. Briskila ta raɗa mini, "Ni dai kwano na ji." Da yamma na kwaso takardun duka na zube wa Mama a cinya, na faɗa mata gaskiya. Ta karanta ɗaya, ta karanta biyu, ta ce, "Rubutun dai ya yi kyau." Sannan ta miƙo mini masara, na cinye har biyu. Da Malam Ishaya ya sake kirana a makarantar Lahadi, jimla uku na yi, ina tuntuɓe, yara suka yi dariya. Sannu a hankali aka daina cewa Ruhu ne ke sa mini magana a baki, daidai lokacin da na fara zaton ko ya soma.

Yanzu an rushe tsohon ginin an yi babba, da silin da fanka da janareta, gonar masarar ta zama wurin ajiye motoci. Kaka Talatu ta daɗe da tafiya gida wurin Ubangiji. Har yau ni mai rubutu ce, ko kasuwa zan je sai na jera abin da zan saya a takarda, kuma har yau gabana na faɗuwa in aka kira sunana a taro. In na je Tudun Wada da damina nakan zauna a bencin gaba kusa da taga, ruwa na sauka a waje shiru kamar ba a yi, lasifika na kai kowace kalma har bakin titi. Sai in ji ina marmarin kwanon nan da ya toshe kunnen kowa. A ƙarƙashinsa na fara yin magana.