Leander Keeping da Muryar Drusilla

Leander Keeping mijin yayata ne, amma tun kafin ya aure ta jirgi ɗaya muke shiga kamun kifi a Dunnage Cove, garinmu na bakin teku, shi a baya riƙe da sitiyari, ni a gaba ina jan raga. Dogo ne siriri, mai manyan kunnuwa da sanyi ke mayarwa ja wur, kuma bakinsa ba ya hutawa. In kifi ya samu ya yi waƙa, in bai samu ba ya yi wadda ta fi ta daɗi. Bai taɓa zama gaban malamin kiɗa ba. Jitar da yake kaɗawa ma wani matuƙin jirgi ɗan Fotugal ne ya bar masa ita, wuyanta a tsage, ya ɗaure da igiyar ƙugiya.

Waƙoƙinsa duk a kan mutanen garinmu suke. Kowa na tsoron ya faɗa bakin Leander, kowa kuma na jin haushi in an daɗe ba a sa shi ba. Ni ya yi mini tawa ranar da na faɗa teku garin bin hulata da iska ta ɗauke. Sai da ya gama dariya sannan ya miƙo mini sanda. Kafin mu iso gaɓa ya haɗa baiti uku, kafin Lahadi yara sun haddace. Na yi masa ƙorafi, ya ce, "Garland, gode mini za ka yi. Da ba don ni ba, wa zai san ka taɓa yin wanka?"

Shekarar da aka hana kamun kifi a gaɓarmu, gari ya fara zubewa. Samari suka tafi yamma aikin rijiyoyin mai, wasu suka kwashe iyalansu, aka buga katako a tagogin gidaje. Leander bai tafi ba. Ya zauna a kicin ɗinsa kusa da murhu ya yi wata doguwar waƙa da ta bi garin gida gida, tana kiran sunan kowa da abin da ya bari: wannan ya bar karensa, wancan ya bar dankalin da bai haƙe ba, waccan ta bar shanya a igiya. Muka ɗauka a kaset wata Lahadi da rana, har ƙarar butar shayi ta shiga ciki. Kaset ɗin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu. Ƙartin maza suka riƙa bugo waya daga sansanin aiki suna roƙon yayata Drusilla ta kara masa wayar a baki. Shi kuwa sai ya yi musu waƙar, ya ƙare da zagin wanda ya bugo, wai don kada ya koma cikin abokai da jan ido.

Ya haura sittin lokacin da muryarsa ta fara dishewa. Ya ce mura ce. Da aka matsa masa ya je asibiti a birni, aka ce ciwon daji ne a maƙogwaro. Aka yi masa tiyata, rai ya tsira, murya ta tafi ɗungurum. Ya dawo gida da ɗan ƙyalle a wuya da allo irin na 'yan makaranta. Abu na farko da ya rubuta mini a kai shi ne kada in kuskura in yi masa fuskar ta'aziyya. Amma jitar ya tura ta ƙarƙashin gado, kuma duk lokacin sanyin nan bai leƙa ko bakin ruwa ba.

Ita kuwa Drusilla, duk garin an san ba ta da murya. Tun tana yarinya aka cire ta daga mawaƙan coci, mahaifinmu ma yakan ce in ta yi waƙa kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa. Tsawon aurensu shayi take dafa wa masu sauraro, ba ta taɓa sa baki ba. Wata safiya ina gidan, tana kwaɓa burodi, ta manta da mu ta kama rera wata waƙarsa ƙasa-ƙasa, ta karkace ta gaba ɗaya. Leander ya buga tebur. Ta ci gaba. Ya sake bugawa har cokula suka yi tsalle.

"In ba ta yi maka ba, Malam, tashi ka gyara," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba.

Ya tashi fuu ya shige ɗaki. Na ɗauka fushi ya yi. Sai ga shi da jitar, ya zauna ya kaɗa wurin da ta ɓata, ya sake kaɗawa, yana hararar ta, har ta kama. Daga baya na tambaye ta ko da gangan ta yi. Ta ce in kula da harkar gabana.

Daga ranar suka kama aiki, kuma ba aikin lumana ba ne. Ya rubuta baiti a allo, ta rera, ya girgiza kai, ta ce kalmar ce ba ta zauna a baki ba, ya goge yana huci. Wata rana ta ƙi rera wani baiti sam, wanda ya ce matar masunci tana tsaye a taga tana kuka tana jiran jirgi. Ta ce ƙarya ce, wace mace ce ke da lokacin tsayuwa a taga? In hadari ya taso shi yana teku, ita wanke-wanke take yi, ta wanke abin da ta riga ta wanke, ta goge daɓen ɗaki har gwiwa ta yi ciwo, ta yi wa yara faɗa ba dalili. Leander ya daɗe yana kallonta. Sannan ya rubuta: "Me kuma?" Ta zauna ta gaya masa abubuwan da bai taɓa tambaya ba.

Waƙoƙin da suka biyo baya su ne mafi kyau da ya yi, kuma dukkansu da bakin mata suke magana. Sun fara fito da su ne a bikin 'yata, a zauren coci. Da Drusilla ta miƙe tsaye kusa da shi, na ji 'yan dariya a baya. Muryar dai tana nan yadda take, kaushi gare ta, ba ta hawa sama. Amma kafin ta kai tsakiya tsofaffin matan da ke wurin sun ajiye faranti, wata tana ta gyaɗa kai tana cewa haka ne, haka ne. Leander bai ɗago ba, yatsunsa kawai ke tafiya.

Sun yi 'yan shekaru a haka, ana gayyatarsu ƙauyukan gaɓa, ni ne direba. Ciwon ya dawo masa ta huhu. Ya rasu a gidansa farkon bazara, lokacin da ƙanƙara ke barin bakin ruwa. Mutanen da suka daɗe da barin gari suka dawo jana'iza har coci ya kasa ɗauka, wasu suka tsaya waje cikin yayyafi. Fasto ya nemi Drusilla ta yi ko baiti ɗaya, ta ce a'a, yau ita sauraro za ta yi. Jama'a suka yi da kansu.

Tana nan a gidan har yanzu, ta doshi tamanin. Ba ta sake waƙa a gaban mutane ba. Bara wata ɗaliba ta zo daga jami'a tana tattara waƙoƙin, Drusilla ta zaunar da ita kwana biyu tana faɗa mata baitocin da baki, tana ɗura mata shayi da miyar kifi. Da yarinyar za ta tafi, ta sa na raka ta har tashar jirgi da burodi biyu a jaka.