Saƙon Inna ga mutanen Amurka

Muna tsaye a danja kan hanyar Abhur a Jidda na ce a raina, yau dai sai na sauke saƙon Inna.

Wata uku ke nan kafilina, ubangidan da ya ɗauke ni aiki, ya ba ni wani injiniya Ba'amurke ina tuƙa shi. Shekara ashirin da biyu ina Jidda, ban da "yalla, yalla" ba abin da nake samu daga kujerar baya, shi ya sa ban cika magana ba. Amma lokacin farin da ya ƙare mana shanu ina yaro, jar dawar da Amurka ta aiko ce ta riƙe gidanmu. Inna, Allah ya jiƙanta, ta ce duk ranar da na ga mutumin ƙasar in yi masa godiya.

Da guntun Larabcin da muke lallaɓawa na ce, "Mudir, maigida, uwata ta ce a gode muku. Dawarku muka ci a Damagaram muka rayu."

Ya ajiye wayarsa. "Mu? Yaushe?"

"Ina jin ba a haife ka ba."

"Wallahi ban taɓa ji ba, Ammu," wato baffa, haka yake kirana. "Mu abin da ya wuce shekara goma, sai an tuna mana."

Danja ta ba da hannu ban lura ba, sai da na bayanmu ya danna mana hon. Ikon Allah! Mu har gobe da shekarar farin nan tsofaffinmu suke tuna haihuwar 'ya'yansu, masu dawar kuwa ko labarin ba su da shi. Ban ce waliyyai ba ne, na san haka suke manta ɓarnarsu ma.

Da zai sauka ya miƙo mini biro, ya ce in rubuta masa sunan Inna, zai gaya wa mahaifiyarsa. Na karɓa na rubuta masa.

Jama'a, ku kun taɓa kai godiya inda aka manta an yi muku alherin?